Wadda Ta San Wa Ya Sha Nonon Wa

Daga Allah muka zo, gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon kuma Gwaggo ce, yayar mahaifina. An sallace ta a Haramin Makka bayan La'asar, muka kai ta makwancinta, muka dawo unguwar Hindawiyya aka jera kujeru a bakin layi, yadda ake zaman makoki a garin nan: kwana uku, daga Magariba zuwa Isha'i. Ni aka ɗora a kujerar farko don karɓar gaisuwa, saboda Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ne kuma babba a cikin 'ya'yan ƙanenta. Zaman ya gagare ni. Da na ɗan zauna sai in miƙe in ce zan duba masu gahawa, in zagaya in leƙa motar hayata, in dawo. Har ƙanena ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Yaya, kalas, ya isa haka, zauna mana. Mutane na kallonka."

Mutanen da suka zo sun ba maƙwabta mamaki. Tsohuwa ce da ta ƙarar da ƙarfinta tana goge daɓe da canza zannuwan gado a asibiti, amma ga manyan motoci sun toshe layi har mai burodi ya rasa ta inda zai wuce. Akwai mai shagon darduma, akwai malamin makaranta, akwai wani ma'aikacin banki da Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Kowa ya miƙo mini hannu ya yi addu'a, sannan ya nemi kujera nesa da ɗan'uwansa ya sunkuyar da kai. Sun san juna, sun kuma san abin da ya tara su. Mai darduma ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wallahi ɗazu wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi, na zaci ita ce." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya ja gefen ƙyallen kansa ya rufe fuska.

A ɓangaren mata, maiɗakina ta ce ba a yi wani kuka mai yawa ba. Wasu dattijan mata sun zo daga Jidda da Madina da Ɗa'if, abokan fafutukarta. Ta Madina ko gama gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Ina koriyar jakar? Wa ke riƙe da ita yanzu?" Jakar takardun Gwaggo take nufi. Tana cikin but ɗin motata, kuma ita ce ta hana ni zama.

Gara in faɗi abin tun yanzu. A bayan layin da muka jera kujeru akwai wani tsohon gidan waƙafi da Gwaggo ta tara tsofaffin mata tara a ciki, waɗanda ba su da mai juya su a gado. An shafa wa bangon jan fenti, alamar rusau, an ba mu wata biyu. Uku daga cikinsu suna da takardun zama a ƙasar, za a iya karɓarsu a gidan tsofaffi na hukuma. Shida ba su da komai. Sun zo aikin Hajji tun da ƙuruciyarsu, suka zauna, suka tsufa a nan. Ɗaya daga cikin shidan ita ce Inna, wadda ta shayar da ni. A cikin jakar nan akwai takardar da Gwaggo ta shekara biyu tana so in sa wa hannu saboda Inna, na ƙi, har ta mutu.

Da Hausa nake rubuta wannan, ko da yake 'ya'yana sai an fassara musu, don da Hausa Gwaggo ta yi mini faɗa duk tsawon rayuwata.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum tafiyarta ta mai sauri ce ko ba inda za ta. Ban taɓa ganin ta shanye shayi ba. Rabin kofi take bari a kan taga, a kan firij, a gaban motata. In ta shiga ɗakin marar lafiya ba ta farawa da "yaya jiki". Hannu take zurawa ƙarƙashin bayan mutum ta ji ko zani ya jiƙe, sannan ta gaishe shi. Ta ce tsoho zai ce maka lafiya lau don kunya, zanin ne zai gaya maka gaskiya. Duk wanda ta koya wa ɗaga tsoho ya haddace maganarta: "Daga ƙugu, ba daga hammata ba. Buhu ne?" Ni kuwa sunana a bakinta direba, ko a gaban surukaina. "Direba, ka ci abinci? To tashi."

A unguwar Nakkasa aka haife mu, a kan dutse, a gidajen da ake hawa da ƙafa da jarkar ruwa a ka. Iyayenmu mata ba sa wuni a gida. Wata tana wankau a gidan Larabawa, wata tana sayar da hatsin tattabaru, wata tana tuya a bakin hanya. Jarirai a bar su wurin duk wadda ta rage ranar, in yaro ya yi kuka mai ruwan nono ta ba shi, ba a tambayar ɗan wa ne. Gwaggo ba ta da nonon da za ta bayar, sai ta zama mai kallo. Aikin asibitinta na yamma ne, don haka wuninta a cikin jariran nan yake. Ta riƙe komai a ka: wa ya sha na wa, a ɗakin wa, na tsawon wane lokaci. Da farko amfanin abin na aure ne. Ba a ɗaura aure a unguwar sai an aiko an tambaye ta, ta kuma taɓa raba wasu masoya biyu da suka yi shekara ba sa gaishe ta.

Sai zamani ya juya. Jariran suka girma, masu takardu suka yi karatu suka sauka daga dutse, suka shiga gidajen bene. Matan da suka shayar da su suka tsufa a inda suke. 'Ya'yan cikinsu wasu an mayar da su Najeriya ko Nijar, wasu sun mutu, wasu suna ɓoye suna neman na abinci. Da rusau ya zo Nakkasa, aka wayi gari tsofaffi na zaune a rana a kan ƙullin kayansu. A lokacin ne Gwaggo ta roƙi masu kula da gidan waƙafin nan suka ba ta mabuɗi, ta kuma fara amfani da abin da ta ajiye a kanta.

Ni na kai ta shagon mai darduma, don haka da idona na gani. Yana tsaka da ciniki da wasu mahajjata, ta shiga ta zauna a kan dardumar da yake nuna musu.

"Ahalan, Hajja," ya ce, "me za a kawo miki?"

"Ba komai. Uwarka ce ta aiko ni."

"Allah ya jiƙan Ummi, ai ta shekara goma da rasuwa."

"Ba waccan ba. Wadda ta ba ka nono wata bakwai lokacin da waccan ke kwance da ciwon ƙirji. Tana gidana, ba ta iya zuwa banɗaki da kanta. Mu mata ne, ƙarfinmu ya ƙare, kai kuwa muharraminta ne."

Ya zura hannu a aljihu. Ta ce, "Fitar da hannunka. Bayanka nake so, Litinin da Alhamis bayan Azahar." Ya kalle ni yana neman ceto, na kalli silin. Ranar Litinin sai ga shi da farar riga mai guga, ya fita da ita a jiƙe, bai kuma fasa zuwa ba tun daga nan. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zo, wasu sun canza lambar waya. Ɗaya ya ce ta kawo hujja, ta ce hujjar tana bayan kunnensa na hagu, tabon da ya samu ranar da ya zame daga cinyar matar.

Ni ba ta sha wahalar kamo ni ba, ina hannu. Kullum kafin in fara aiki nakan biya in ɗaga Inna daga gado zuwa kujera, da la'asar in mayar da ita. Inna mutuniyar ƙasar Sakkwato ce, harshenta bai canza ba duk da shekarun da ta yi a nan. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, amma kanta garau yake. In na ɗaga ta takan ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗan nan," ni kuma in fita ina jin na yi wani babban abu.

Kayan gidan yawanci daga Muzdalifa suke. Kwana biyu bayan mahajjata sun tashi, Gwaggo takan tasa ni gaba da hantsi mu je filin, rana na dukanmu, muna tsintar abin da aka bari: tabarmi, barguna, lema, wani lokaci keken guragu mai karyayyiyar ƙafa. Ni ina jin kunya kada wani abokin aiki ya gan ni, ita ko a jikinta. A can ta haɗu da matar Madina, suna jan keke ɗaya, kowa ta riƙe hannu guda ta ƙi saki. Da faɗa suka fara, sai suka gane aiki ɗaya suke yi a gari biyu. Matar Madina ta san wata a Jidda, ta Jidda ta san wata a Ɗa'if. Keken dai Gwaggo ce ta tafi da shi.

Daga nan maganar ta wuce gida ɗaya. Suka ce tsintar bargo ba za ta riƙe tsofaffin ƙasa guda ba, sai hukuma ta shigo. Suka fara rubuta ma'arudi, wato takardar koke, suna kaiwa ofis-ofis. Gwaggo ba ta iya Larabcin takarda ba, ita ke faɗa ana rubutawa, in an karanta mata ta ji fadanci ya yi yawa ta ce a goge. Buƙatarsu ita ce a san da zaman irin waɗannan ƙananan gidaje, a ware musu kaso daga abin da ake kashewa a kan manyan gidajen tsofaffi, ko da ma'aikaciyar jinya ce mai zagayowa da magani da nafkin na manya. Sannan akwai wadda Gwaggo ta kafe a kai, sauran suna ganin ta yi nisa: duk ɗan ƙasar da wata mata ta shayar, a ba shi dama ya shigar da ita gidan tsofaffi a ƙarƙashin lambarsa ta ɗan ƙasa, a matsayin uwa, ko ba ta da takardar zama.

Na kai ta Jidda ban san iyaka ba. Na fi sanin kujerun jira na ofisoshi a kan na falona. A ce mata "bukra, Hajja", ta ce to, gobe kuwa ta riga mai buɗe ƙofa zuwa. Sau uku muka yi doguwar tafiya zuwa Riyad, ita da matar Madina a baya suna gardama daga nan har can kan wa za ta fara magana. A tafiya ta uku aka shigar da su wurin wani babba a kwamitin da ke duba al'amarin, aka bar ni na shiga don in taya su in Larabci ya ƙare musu. Mutumin kirki ne, ya saurara bai duba agogo ba. Da Gwaggo ta zo kan maganar shayarwa sai ya ce shi ma a Jidda ya tashi, kuma wata Bahaushiya maƙwabciyarsu ta shayar da shi.

"Tana ina yanzu?" in ji Gwaggo.

Ya ce bai sani ba.

Daga ƙarshe ya ce maganar tallafi ana kanta, za ta ɗauki lokaci. Maganar uwar shayarwa kuwa ba wanda ya taɓa kawo ta, kuma kwamiti ba ya zama a kan abin da ba shi da suna. A kawo mace ɗaya, da ɗa ɗaya mai lamba da zai sa hannu cewa uwarsa ce, da mai shaida. Ya ƙara da cewa shayarwar sai ta kai sau biyar, haka malamansu suka tsayar. Bai yi alkawari ba, ya dai ce zai ɗora takardar a gaban waɗanda suka fi shi.

Matar Madina ta tsaya a Riyad wurin 'yarta, muka dawo mu biyu. Mun wuce Ɗa'if muna gangarowa, rana ta karkata, Gwaggo ta ce, "Direba, kai za ka sa hannu."

Tun muna ofis na san za ta faɗa, na kuma shirya amsata. Sa hannu yana nufin in rubuta sunana da lambata kusa da sunan matar da ba ta da takardar zama, in faɗi inda take. Doka ba ta wasa da mai ajiye irin wannan. Ina iya rasa izinin tuƙi, wanda da shi nake ciyar da gidana. Inna kuma ana iya ɗaukarta a kai ta ƙasar da ta bari tun kafin a haife ni, inda ba ta san ƙofar kowa ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi na kawo da mun yi magana ta hankali. Amma ba shi na kawo ba.

"Gwaggo, sau nawa na sha?"

"Sau ɗaya."

"To kin ji abin da mutumin ya ce. Biyar. A ƙa'idar garin nan Inna ba uwata ba ce. Ki nemi mai darduma, shi wata bakwai ya sha."

A karatun da kakanninmu suka zo da shi daga gida, ko sau ɗaya nono ya shiga cikin jariri an zama uwa da ɗa. A kansa aka raine ni, a kansa nake shiga ɗakin Inna kullum ba ta lulluɓe kanta. Ranar nan ce kawai na ga ƙa'idar malaman nan ta fi mini daɗi, na ara.

Ta ce in tsaya. Na gangara gefen titi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ba zan tura ɗan wani gaba ba alhali nawa na zaune. Kuma da gangan na zaɓe ka. In mai sau ɗaya ya wuce, kowa ya wuce. Zan ce musu sau ɗaya ne, a rubuta haka, a rubuta yadda mu muka sani." Ta juyo ta dube ni. "Ka san wace rana ce sau ɗayan? Kana wata biyu, zafi ya kayar da uwarka a hanyar kasuwa, aka wuce da ita mustashfa, asibiti, ba mu sani ba. Tun safe kake tsala kuka har ka daina, bakinka ya bushe, idonka ya juye. Inna kuwa nata jaririn kwana uku da binnewa, ta rufe kanta a ɗaki ba ta magana da kowa. Ni na buga mata ƙofa na ɗora mata kai a cinya. Tana kuka kana sha. Sau ɗaya ne, ya waladi, ɗana. Je ka nemi malamin da zai ce maka bai isa ba."

Na ce, "To ki ce biyar mana, a huta." Na san ba za ta yi ba, shi ya sa na faɗa. Har yau in na tuna wannan maganar tawa sai in ji kamar in tsaya a tsakiyar titi in fita daga motar. Ta ce ta kusa kwanciya a ƙasar Makka, ba za ta shiga da rantsuwar ƙarya ba. Sannan ta ce, "Ja mu tafi." Na ja motar muka nufi Hindawiyya.

Shekara biyu muka yi a haka. Ina zuwa in ɗaga Inna, ina kai Gwaggo duk inda za ta, muna maganar magani da cunkoson hanya. Duk Juma'a in na sauke ta sai ta zaro takardar ta ajiye a kan kujerar da ta tashi, ba ta cewa komai. Ni kuma in kai mata ranar Asabar in ce ta manta wani abu. "Haka ne," ta ce, "tsufa." Na yi fushi da ita ƙwarai a lokacin. Ina ganin ita ba ta da abin rasawa, ba miji, ba ɗa, ba izinin tuƙi, jarumtaka tana mata arha. Na taɓa faɗa wa maiɗakina haka, ta ce in ji tsoron Allah, amma ita ma ba ta so in sa hannun.

Sai a zaman makokin nan na gane Gwaggo ba ta taɓa gaya wa kowa na ƙi sa hannu ba. Matar da ta tona mai darduma a gaban mahajjata, ni ta rufa mini asiri ruf. Matar Madina ta zaci kwamiti ne ke jan ƙafa. Ta sa aka kira ni bakin ƙofa ta ce, "Kullum sai ta yi maganarka. Ta ce a cikin 'ya'yan nono duka kai kaɗai ne ba ka taɓa fashin rana ɗaya ba." Na ce Allah ya jiƙanta, na juya da sauri kafin ta ga fuskata.

Ciwon Gwaggo bai daɗe ba. Da ƙafafunta suka kumbura, likita ya rubuta mata takardar gado a gidan tsofaffi na hukuma, tunda ita 'yar ƙasa ce. Muka je muka gani. Wuri ne mai tsabta, gado mai tashi da kansa in an danna, ma'aikata na zagayawa. Ta zura hannu ƙarƙashin wata tsohuwa da ba ta sani ba, ta ji a bushe, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce wa shugabar wurin, "Ya yi. A ba 'yar'uwata wannan gadon, ni ina da wurin kwana." Aka yi mata bayani cikin ladabi cewa gadon na mai lambar ne, ba a musanyawa. Ta ce to a ajiye wa mai rabo. Ta koma ta shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da gadon Inna. A nan ciwon ya ci ƙarfinta, muka kai ta asibiti da hantsi, kafin Azahar ta cika.

Ba mu gaya wa Inna ba. Matan gidan suka ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, aka ce mata Gwaggo ta ji sauƙi ta sake tafiya Riyad da takardu. Ta ce, "Allah shi kawo ta lahiya," ba ta sake tambaya ba.

Bayan kwana uku aka kwashe kujeru, gidan ya fara watsewa. Masu takardu uku aka karɓe su. Mai darduma ya zo da kansa ya ɗauki tasa uwar, ya ce in an tambaye shi ya san abin da zai faɗa. Na banki ya sama wa tasa ɗaki wurin wata 'yar'uwarsa. Matar Jidda ta tafi da biyu, ta Ɗa'if da ɗaya. Kullum in na shiga sai in tarar an rage gado, muryata tana dawo mini daga bango. Na daina iya cin abinci a zaune. In ɗauki fasinja in wuce inda zai sauka, sai ya taɓa mini kafaɗa.

Ranar da ya rage Inna kaɗai da wata mata da ke tsaronta, na buɗe koriyar jakar. Takardar ta yi laushi saboda ninkewa. Gwaggo ta riga ta dangwala babban yatsanta a gurbin mai shaida, an kuma rubuta mata a sama: sau ɗaya. Na sa hannu a kan sitiyari, na kai ofishin da ke karɓar irin waɗannan takardu a nan Makka don a aika. Ma'aikacin ya karanta, ya ɗago ya ce mai shaidar ta rasu, shayarwar kuma ba ta kai ba, da wuya ta wuce. Ya tambaye ni ko na fahimci abin da na yi, don a gurbin inda matar take na rubuta gidana. Na ce na fahimta. Ya buga hatimi, ya ce in jira kira. Har yanzu da nake rubutun nan ba a kira ba, ban kuma san wane irin kira zai zo ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa ta taga.

Maiɗakina ba ta yi murna ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Hawa na uku muke, babu lifta. 'Yarka tana neman aiki, in aka buɗe fayil da sunanka fa? Kai shekara biyu ka yi kana tunani, ni ka ba ni wuni ɗaya." Duk abin da ta faɗa daidai ne. Ta fitar da keken ɗinkinta daga ƙaramin ɗaki tana buga ƙofofi.

Da la'asar na ɗauko Inna. Kayanta duka ƙulli biyu ne da carbi. A gindin bene na durƙusa, maiɗakina ta taimaka muka ɗora ta a bayana, ta zagayo hannunta mai lafiya a wuyana. Muka wuce hawa na farko. A tsakanin na biyu da na uku ta kawo baki kusa da kunnena.

"Ɗan nan, ta rasu ko?"

Na tsaya. Na ce, "Wa ya gaya miki, Inna?"

"Ba kowa. Kwance nike, amma ina da kunne. Da tana da rai, da ba ka ɗauko ni ba. Da kana nan kana jiran ta gaji."

Ban musa ba. Na ce, "Ta rasu, Inna."

"To tsaya nan in yi mata addu'a. Kar ka sauke ni."

Na tsaya a kan matakalar, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, maiɗakina a bayanmu da ƙullin kaya. Inna ta roƙi Allah ya yalwata wa Gwaggo kabarinta, ya sanyaya mata ƙasa, ya sauke mata nauyi, ya yafe mata zafin bakinta, ya tashe ta cikin waɗanda ba a tambayarsu komai. Ta daɗe tana yi. Maƙwabcinmu ya sauko zai wuce, ya ga hanya a toshe, ya tsaya ya ɗaga hannuwa shi ma. Ina ta cewa amin, bayana yana ciwo, amma ban so ta gama ba.